Alfadarar da Ba Ta Taka Auduga

A daminar 1933 ne gwamnati ta zo wa manoman auduga na jihar Alabama ta Amurka da maganar da ko mahaukacin kasuwa bai taɓa yi musu ba. Wai auduga ta yi yawa a ƙasa, shi ya sa farashinta ya faɗi warwas, don haka duk wanda ya yarda ya sa garma ya binne kashi ɗaya cikin uku na abin da ke tsaye a gonarsa, za a biya shi. Ba wadda tsutsa ta ci ake nufi ba. Lafiyayya ake so, mai fure, wadda aka gama shan wahalar firi da maimai a kanta. Malamin gona na gunduma ya bi coci-coci yana karanta takardar, tsofaffi suna kallon bakinsa, wasu na dariya, wasu na cewa tashin duniya ya kusa. Amma da ya faɗi kuɗin, dala goma sha ɗaya kowace eka, sai dariya ta ɗauke, aka shiga neman alƙalami.

Ozell Tarver yana cikin waɗanda suka sa hannu. Dattijo ne mai shekara sittin da uku, dogo, marar yawan magana, kuma yana cikin 'yan tsirarun baƙaƙen fatar da gonar da suke nomawa tasu ce ta kansu. Eka goma sha takwas ya shuka a bana, ya ba da shida. Ba don yana so ya yi ba. Bara ya kai audugarsa kaf kasuwa, ya dawo da abin da bai isa ya sauya kwanon rufin da ke zubo musu ruwa a kan gado ba. Sharaɗin takardar a fili yake: ranar Asabar mai awon gona zai zo da sarƙar awonsa, ya ga eka shida a kife, saiwa a sama. In ya tarar da ita a tsaye, ko kuwa an sassare ta da fartanya kawai, babu ko sisi, don audugar da aka sare sake toho take yi.

Kuskuren mutanen Washington ɗaya ne, ba su yi shawara da alfadarai ba. Duk alfadarin da ya tashi a gonar auduga, abin da ake fara koya masa shi ne ya bi kwari, kada kofatonsa ya hau kunya. To, ga shi yanzu, in za a binne auduga dole garma ta bi ta kan kunyar ta tsaga ta biyu, dabbar da ke janta kuwa ta tattake shukar a gaba. Aka wayi gari gunduma ta cika da ihun maza da ƙarar bulala, alfadarai sun kafe sun ce ba da su za a yi wannan aika-aika ba.

Ta Ozell sunanta Hattie, ja ce mai farin baki, shekararta goma sha huɗu. Tun tana 'yar shekara uku ya saye ta, kuma bai taɓa ɗora mata bulala ba. Da baki ya koya mata, da haƙuri, da ɗan maɗi a tafin hannu. Ta ƙware har in ta kai ƙarshen kunya takan ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya ta juya, ko ganye ba ta karyawa. Maƙwabta sukan tsaya a bakin shinge don su ga wannan juyi.

Abin da ba su sani ba, shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe wa Ozell gani. Da fari ya ɗauka hayaƙin murhu ne. Yanzu kuwa in ya tsaya bayan garma, gonar gaba ɗaya kore ce a dame, bai iya bambanta kunya da kwari sai abin da ke dab da ƙafarsa. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Lubertha. Bai kuma ga dalilin faɗa ba, tunda Hattie na gani a madadinsa. Shi dai ya riƙe garma ya bi ta, layi ya fito sak kamar an ja da zare. Muddin ba ta taka auduga, shi manomi ne. Ranar da ta fara takawa, sai ya nemi kujera a baranda ya jira mutuwa, kuma wannan shi ne abin da yake tsoro fiye da talauci.

Ranar Litinin da sassafe ya ɗaura mata garma, ya kai ta gefen da aka kafa wa turaku. Audugar ta kai masa ƙugu, raɓa ta jiƙa masa wando, hannunsa na taɓa 'ya'yan da suka fara nauyi. Ya saita bakin garma a kan kunya ta farko.

"Mu je, Hattie."

Ta yi taku ɗaya, ta zame ta faɗa kwari kamar yadda ta saba. Ya ja igiya ya mayar da ita. Ta sake zamewa. A karo na uku sai ta tsaya cak, ta waiwayo ta dube shi, kunnuwa a miƙe. Ko da bai ga idonta sosai ba, ya san kallon da take yi masa, irin wanda ake yi wa dattijon da ya yi ɓarin baki a taro.

"Na sani," in ji shi. "Ni ma ba ni na ƙirƙiro ba."

Haka suka yi ta fama har rana ta take. Abin da suka samu bai wuce kunya huɗu ba, su ma a karkace, rabin shukar na tsaye tana yi musu dariya.

Yana zaune a inuwa yana shan ruwa sai ga Cleophus Gantt ya ratso ta kan iyaka. Cleophus maƙwabcinsa ne, mai noman raba-daidai a gonar wani Bature, mutum mai fara'a da bakin tsiya.

"Yaya Ozell, ashe kai ma sarauniyar taka ta yi maka tawaye? Na ɗauka ita da karatunta za ta karanta takardar gwamnati ta gane."

"Ta karanta. Ta ce babu hankali a ciki."

"To ai ta fi fasto gaskiya, shi da ya ce mana umarnin hukuma umarnin Allah ne." Cleophus ya tsuguna ya tofar da taba. "Kawo ta wurina gobe da safe. Nawa ma haka ya yi. Na ciro sarƙar garma na zuba masa biyar masu kyau a gindi, yanzu in ka nuna masa gadon uwata ma sai ya haye."

"Ba a dukan Hattie."

"Ba a duka, ba a duka. Ita 'yar gwamna ce? Kuɗi ne fa a kwance, kuma kai da sunanka cekin zai zo. Ni nawa sai ya bi ta hannun mai gona, in ya rage ƙura a ba ni."

"Ara mini naka kwana biyu."

Cleophus ya daina dariya. "Da nawa ne, ai ko ba ka tambaya ba. Na mai gona ne, kuma eka ashirin ya ɗora mini kafin Asabar. In ya ji labari, ni da yara a titi za mu kwana." Ya miƙe ya kaɗe wando. "Ka rage taurin kai, Yaya. Dabba ce. In an gama, ka sake koya mata."

Ozell ya miƙe ya kwance wa Hattie garma. Ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara uku ya yi yana koya mata lokacin tana ƙuruciya, shi kuma idonsa garau. Yanzu ta tsufa, kuma wanda zai gyara mata kuskure sai ya fara ganin kuskuren.

Da ya koma gida cin abinci, Lubertha ta ajiye masa gurasar masara da wake da kofin nono, ta zauna tana kallonsa. Gajeriya ce mai ƙiba, shekara arba'in suna tare, kuma ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba, sai dai wadda ta ga dama.

"Kunya nawa?"

"Huɗu."

"Huɗu! Kai da ita wa ya fi wani taurin kai, Allah kaɗai ya sani." Ta matso masa da kofin nonon. "Shuka ce ba ta takawa, ko kunya?"

"Shuka."

"To, in babu shukar fa?"

Washegari ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki fartanya ta shiga gaba tana sare audugar daga tushe, tana jefar da ita gefe. Ozell ya kawo Hattie kan kunyar da ta zama tsirara. Alfadarar ta sunkuya ta shinshina, ta yi tunaninta, sannan ta hau ta tafi lafiya lau, garma na tsaga ƙasa a bayanta. Daɗi ya kama Ozell har ya ji kamar ya yi waƙa.

"Uwargida, da ke aka kai Washington da ba a shiga wannan rigima ba."

"Rufe mini baki ka yi aiki. Da ni ce, da kai zan fara binnewa."

Sai dai karan auduga a wannan lokaci ya zama icce. Kowane tushe sai an yi masa sara biyu ko uku. In Lubertha ta gaji, Ozell ya ɗaure Hattie ya karɓi fartanya, yana lalube da ƙafa kafin ya sara, ita kuwa ta kau da kai kamar tana duban hadari. Talata da Laraba suka yi a haka, daga fitowar rana har faɗuwarta, suka ci eka ɗaya da rabi. Da yammacin Laraba Lubertha ta sunkuya ɗaukar kara, ta kasa miƙewa. Sai da ya tallabe ta har gida, ya shafa mata man zafi a baya.

"Gobe zan tashi," in ji ta, fuska a cikin matashi.

"Ba za ki sake taɓa fartanya ba."

"To, sai mu bar kuɗin? Mun riga mun kashe eka ɗaya da rabi, tsoho. In mai awo ya zo bai ga shida ba, mun yi biyu babu."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Saura eka huɗu da rabi, saura kwana biyu.

Ranar Alhamis da safe ya tsaya a bakin gona da Hattie, sarƙar garma a hannunsa. Ya jujjuya ta, ya ji nauyinta. Hattie ta sa baki tana lalubar aljihunsa ko da abin lasa. Ya mayar da sarƙar wurinta, kunya ta kama shi kamar an gan shi yana sata.

Lubertha ta iso tana dafe da ƙugu.

"Fartanya dai ba zan iya ba, amma zan iya tsayuwa. Me za a yi?"

"Za ki iya riƙe garma? Jingina kawai za ki yi da ita, ƙasar da laushi."

"Tun kafin ka san ana aure nake riƙe wa babana garma."

Ya miƙa mata igiya, ya zagaya gaban Hattie, ya kama ragama. Ya daɗe yana shafa mata wuya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ba a faɗa wa mutane. Sannan ya juya, ya ɗaga ƙafa ya taka audugar farko. Ta karye ƙarƙashin takalminsa. Ya taka ta biyu, ya taka ta uku, ya ja ragama a hankali.

"Zo, 'yata. Ga shi ni ma ina takawa. Ba laifi ba ne yau."

Hattie ta turje. Jikinta ya ɗauki rawa, gumi ya keto mata tun ba a yi aikin komai ba. Ya koma ya sake shafa ta, ya sake takawa a gabanta. Sun fi rabin sa'a a haka. Can sai ta ɗaga ƙafar gaba, ta riƙe ta a sama kamar mai gwada zurfin rafi, ta sauke ta daidai inda ya ɗauke tasa. Ya ji karan ya ce ƙas, ya ji abin har cikin ransa.

Kunya ta farko ta ci musu lokaci mai yawa. Ta biyu ta fi sauƙi. Kafin rana ta yi tsaka Hattie ta daina rawar jiki, ta sunkuyar da kai tana bin dugadugansa. Furanni farare da jajaye suna bin ƙasa, warin ɗanyen ganye ya cika wurin. Da la'asar Ozell ya ga bayan Lubertha ba zai kai ba, ya ce ta je ta kwanta, ya koma bayan garma ya gwada.

"Mu je, Hattie."

Ta tafi a kan kunya ita kaɗai, tana ture shukar da ƙirji. Bai ko taɓa igiya ba. Abin da ya nema ke nan, kuma da ya samu bai ji daɗi ba ko kaɗan.

Suka gama da yammacin Juma'a. Ranar Asabar Mista Pruitt mai awo ya zo a mota, saurayin Bature mai jan wuya, wanda bai daɗe da barin makaranta ba. Ya ja sarƙarsa tsawo da faɗi, ya harba ƙasa da takalmi ya ga saiwa a sama, ya yi rubutu.

"Eka shida cif, Kawu. Aikinka ya fi na kowa tsabta a wannan yanki. Alfadararka ba ta ba ka wahala ba? Ko'ina na je kuka ake yi da su."

"Ta gane, Yallaɓai."

"Dabba mai hankali ke nan. Cekinka zai zo ofis nan da mako shida, ko takwas. Ka san aikin gwamnati." Ya dubi sauran gonar. "Wannan ta ƙasan ba ka yi mata huɗar ƙarshe ba."

"A makare na shuka ta. Jibi zan shiga, in Allah ya yarda."

Lahadi aka je coci, fasto ya yi addu'a Allah ya sa farashi ya tashi, kowa ya ce amin da ƙarfi. Cleophus ya tare Ozell a ƙofa yana tambaya bulala nawa ta sha. Ozell ya ce ko ɗaya. Cleophus ya ce to lallai asiri ne, a sam masa.

Litinin da safe Ozell ya sauya bakin garma, ya sa na huɗa, ya gangara da Hattie gonar ƙasa, inda audugar ba ta wuce gwiwa ba. Ya tsayar da ita a bakin kwari. A hanya ya yi ta gaya wa kansa cewa kwana biyu ba za su goge shekara goma sha ɗaya ba. Ya kama garma, ya yi addu'arsa a zuci.

"Mu je."

Taku goma na farko lafiya. Ya ji garma na tafiya cikin laushin kwari, ƙasa na kwanciya hagu da dama, zuciyarsa ta fara sauka. Sai ya ji ƙas. Ya ce wataƙila busasshen kara ne. Ya sake jin ƙas, ƙas, garma ta ɗaga ta yi nauyi a hannunsa, warin ɗanyen ganye ya bugi hancinsa.

Ya ja igiya, ta tsaya. Ya saki garma ya durƙusa yana lalube. Tushe bakwai ya ƙirga a kwance, ruwansu na manne masa a yatsu. Bai san a ina ta bar kwari ta hau kunya ba. Ya mayar da ita, suka sake tashi, ba a yi taku ashirin ba ta sake hawa. Ba ƙeta ba ce. Tafiyarta take yi a natse, duk inda ƙafa ta faɗa daidai ne, kamar yadda mai ita ya nuna mata da ƙafarsa.

Ya naɗe ƙarshen igiya a hannu ya ɗaga. Hattie ta waiwayo tana jiran umarni. Ya rasa laifin da zai dake ta a kai, ya sauke hannu.

Ya daɗe a tsaye, rana na hawa. Daga nesa yana jin ƙarar guga, Lubertha na jan ruwa a rijiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya haɗa hannu a baki ya ƙwala mata kira.

Ta gangaro a hankali, hannu ɗaya a baya. Ta dubi shukar da ke kwance, ta dubi alfadara, ta dube shi.

"Berta," in ji shi, "ba na ganin kunya. Shekara biyu ke nan. Ita ke gani mini."

"Ka ɗauka wa yake kawar maka da bokiti daga hanya?" Ta share gumi da gefen ɗankwali. "Ina jira ne ka faɗa da bakinka."

"Ba zan iya sake koya mata ba."

"Wa ya ce kai za ka koya mata? Kai dai riƙe garmarka."

"Bayanki fa? Eka goma sha biyu ce, kuma baɗi tun daga firi za a fara."

"Baɗi ta Allah ce. Yau kunya nawa ce a nan?"

"Sittin da biyu."

"To, tsayuwar me muke yi?"

Ta zagaya gaban Hattie, ta kama ragama, ta ja ta ta sauko cikin kwari. Ozell ya lalubi hannun garma ya riƙe. A gabansa ba ya ganin komai sai kore a dame, da wani ɗan fari-fari yana rangaji a tsakiya, ɗankwalin matarsa. Ta ɗingisa ta yi gaba, alfadara ta bi ta, shi kuma ya bi su.